Baffa Iro da Dokar Rufaffen Kwano

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Asabar, a shekarar da mudun gero ya fara fin ƙarfin mai iyali, Baffa Iro ya tara mu a tsakar gidansa. Na san lokacin domin ni kaɗai ke ɗaure da agogo a wurin. Waɗanda suka halarta su ne shi Baffa, yayan mahaifina; matarsa Inna Delu; ɗansu Sabi'u, mai acaba tsakanin ƙauyenmu da Makoda; sai ni Lawan tela, da aka kira in zama shaida. Akwai kuma wata akuya, amma ita ba a gayyace ta ba.

Ku da kuka san shi ba sai na gaya muku tambayar da ya buɗe taron da ita ba. Duk abin da ke duniyar nan Baffa ya raba shi gida biyu, babu na uku. In ya ga sabuwar hula a kanka, ko ya ji ƙamshin suya daga bayan katanga, sai ya tsaya cak, ya dogara sandarsa, ya karkata kai, ya ce, “Wannan kuma dole ne, ko marmari?” Har yara sun haddace. In ya wuce sai su riƙa yi wa juna.

Kafin in ci gaba bari in faɗi dalilin wannan rubutu, don ba na son mutum ya yi ta karatu bai san inda aka dosa ba. Tun da Baffa ya rasu ba a sake shimfiɗa tabarmar ciyayya a ƙofar zaurensa ba. Mu magidantan layin, da muka saba fito da kwanukanmu bayan magariba mu ci tare, kowa ya koma yana cin nasa a ɗaka shi kaɗai. Ina da magana a kan haka, amma sai a ƙarshe. Zan bi abin daki-daki, kada wanda ya tsallake zuwa ƙasa.

A ranar taron, Baffa ya sa Inna ta fito da duk kayan madafinta ta jera a kan tabarma. Ya miƙe da sanda kamar alƙali, ya fara bi ɗaya bayan ɗaya.

“Gishiri, dole. Kuka, dole. Barkono, dole, amma a rage. Sukari?” Ya ɗan taɓa ƙullin da bakin sanda. “Marmari! Kakanninmu sun sha koko da tsaminsa, kuma sun haife mu lafiya.”

Ya zo kan magi ya daɗe yana kallo. “Abin da aka naɗe a takarda mai ƙyalli kamar za a kai wa gwamna! Daddawa ta mutu ne? Marmari.”

Daga nan ya sa hannu a aljihu ya zaro sabulun wankan Sabi'u, wanda ya riga ya ƙwato tun da safe.

“Haba Baba!” in ji Sabi'u. “Fasinja a bayana yake zama. Duk iskar da ta buge ni, shi take samu.”

“To ka caje shi kuɗin ƙamshin. Marmari!”

Ni da na zo shaida ma ban tsira ba. Ya juyo ya nuna hannuna. “Kai kuma Malam Agogo, ga rana can a sama kyauta, ba ta cin batir.”

Na ce, “Baffa, in hadari ya rufe ta fa?”

“In hadari ya taso lokacin gona ne. Wannan ba sai an duba hannu ba.”

Sai da ya gama, ya zauna, ya ciro goronsa daga ɗan tsumman da yake jiƙawa, ya ɓantara, sannan Inna Delu ta gyara ɗankwali ta ce, “Malam, an manta abu ɗaya. Goro fa?”

Baffa ya dakata da tauna. “Goro dole ne.”

“Ikon Allah! Ta yaya?”

“Goro ba ci ake yi ba, aiki yake yi. Shi ke riƙe mini baki. In babu shi, yini zan yi ina magana.”

Inna ta dube ni ta ce, “Lawan, kai ne shaida. A ƙaro masa goro. Daga gobe ma a ninka.”

Na yi dariya, abin da ba na yawan yi a gaban manya. Da muka waiga, akuya ta cinye ƙullin sukarin da ledarsa. Baffa ya ce to, hukunci ya zartu.

Wannan na farko ke nan. Na biyu shi ne maganar jaki.

Kun san ƙasarmu. Gona na jingine da gona, ba mai filin da zai bari ya huta, don haka wanda bai zuba taki ba ya yi noman banza. To a shekarun nan takin zamani ya yi tashin da sai dai mu wuce shagon mu gaishe shi. Baffa dama bai taɓa yarda da shi ba. Shi kashin dabbobi ya sani, kuma a kan kashin dabbobi ba ya jin kunyar kowa.

Akwai wani Malam Sabo mai tukwane da ke bi ta ƙauyenmu da jakinsa. Wata safiya ina zaune da keken ɗinkina a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai na ji Baffa ya ƙwala masa kira da fara'ar da ban san yana da ita ba.

“A'a, Malam Sabo! Wucewa za ka yi ba gaisuwa? Kawo jakin nan, kawo, ga turke.”

Da hannunsa ya ɗaure jakin, ya ba shi ruwa, ya shimfiɗa wa baƙo tabarma. Sannan aka shiga gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya mai ɗakin, ya surukai, ya liman, ya ladan, ya mutanen bayan masallaci. Malam Sabo yana ta amsawa yana jin daɗi. Ni kuwa da nake gefe na lura da abu guda: bakin Baffa na wajen baƙo, idonsa na kan wutsiyar jaki. Can da jaki ya ɗaga wutsiya ya sauke abin da ya sauke, sai Baffa ya tafa hannu.

“Alhamdu lillahi! To Malam Sabo, kada in tsare ka, rana tana yi.”

Ko murfin tukunya bai saya ba.

Haka aka yi ta yi har Malam Sabo ya gano. Ran nan ya zo, aka ɗaure jaki, aka shiga gaisuwa. Aka gaida liman, aka gaida ladan, aka dawo aka sake gaida liman. Jaki ya yi tsaye kamar an dasa shi. Har inuwa ta gudu daga kan tabarma. Da Baffa ya gaji sai ya ce, “Wai Malam Sabo, jakin nan azumi yake yi ne?”

“A'a Baba,” in ji shi yana danne dariya, “ai ya riga ya sauke tun a gindin kuka. Sai da na jira shi ya gama sannan muka shigo gari.”

Na zaci Baffa zai ji kunya. Ina! Sai ya miƙe, ya ɗauki kwandonsa, ya ce, “Wace kukar? Ta gabas ko ta bakin rijiya?”

Maganar waya gajeriya ce, amma tana cikin jeri, dole in sa ta. 'Yarsa da ke aure a birni ta aiko masa da waya. Ya karɓa, ya sa albarka, ya tambayi abin da take ci. Da aka ce masa sai an riƙa kai ta caji ana biya, sai ya naɗe ta a tsumma ya jefa a tulun da ya fashe. Ran Juma'a kaɗai yake kunna ta, bayan an sauko daga masallaci, ya riƙe ta a hannu kamar ɗan tsako, in ba ta yi ƙara ba ya kashe. Duk mai nemansa a sauran ranaku ni yake kira, ni kuma in bar ɗinki in tafi kai saƙo.

Na ce masa, “Baffa, in wani abu ya faru ran Talata fa?”

Ya ce, “Labarin mutuwa ba ya ɓata, da ƙafarsa zai iso. Labarin biki kuwa marmari ne.”

“To cajin wayata da ake kiranka ta ciki fa?”

“Wannan kai ka ɗora wa kanka.”

Yanzu na zo kan rumbu, kuma daga nan ina so ku rage dariya ku saurara.

Baffa na da babban rumbu a bayan ɗakin Inna, kuma kowa ya san cike yake da gero, har da na shekarar da ta gabata. Da hatsi ya yi tsada dillalai suka riƙa shigowa ƙauyuka da motoci. Mutane da yawa sun sayar, ban kuma ga laifinsu ba, don ga magani, ga makaranta, ga suna. Sabi'u ma ya matsa. Injin babur ɗinsa ya fara tari, mai ya yi tsada, fasinja sun koma tafiya a ƙasa. Shi ya kawo wani dillali har ƙofar gida, mai babbar riga da tabarau.

“Baba,” in ji dillalin, “farashin da zan ba ka ban ba kowa ba a garin nan.”

“Madalla. Kuɗin naka in an jiƙa su suna kumbura?”

“Na'am?”

“Ana surfa su? Ana yin dusa da su a ba akuya? In na zuba su a ruwan zafi na sa muciya, za su yi tauri?”

“Haba Baba, ai da kuɗi sai ka sayi duk abin da kake so.”

“Abin da nake so gero ne, kuma ga shi can a rumbu. Don me zan ba ka, in biyo ka birni in sake saye a hannunka? Ka gaida gida.”

Sabi'u ya yi kwanaki ba ya cin abinci a gidan. A gari kuwa aka yi ta magana: tsoho ya zauna a kan hatsi, mutane na wahala, shi ko sukari ba ya sha. Aka ce rowa ce ta yi masa yawa. Babbar rigarsa ma shaida ce, don na yi mata faci har na daina gane wanne ne yadin asali.

A daidai wannan lokaci ne tabarmar ciyayya ta fara yin fili. Da, in an sallame magariba, kowane magidanci a layinmu zai fito da kwanonsa, a jera, a buɗe, a ci na wannan a koma na wancan, abin da ya rage a mayar wa yara. Sai aka fara rasa mutum ɗaya, aka rasa biyu. Hudu mai faci ya aiko wai cikinsa ke ciwo. Malam Garba birkila ya ce likita ya hana shi tuwon dare, shi da bai taɓa taka asibiti ba. Wani ma cewa ya yi azumi yake, da magariba fa! Ba wanda ya yi musu gardama, don kowa ya san dalili. Mutum ba zai buɗe kwano a gaban maƙwabta a ga tuwo ba miya ba, balle a ce gidan ba a ɗora tukunya ba sam. Facin taya ya tsaya tun da babura suka kwanta, gini ya tsaya tun da siminti ya haukace, ɗinki ma sai gyaran tsofaffin kaya.

Mun ɗauka Baffa zai ce ciyayya marmari ce, a naɗe tabarma kowa ya huta. Sai ga shi ran wata Juma'a ya tare ƙofar masallacin unguwa bayan magariba, ya gitta sanda, ya hana kowa fita.

“Matanku sun mai da tabarmata filin gasa,” in ji shi. “Kowace na son a ce miyarta ta fi. Shekaranjiya na ga mai yana yawo a kan miyar wani kamar an yi ɓari. A wannan zamani! Ba zan lamunta ba.”

Muka dubi juna. Rabon da wani a cikinmu ya ga mai yana yawo a kan miya, har mun manta kamanninsa.

Sannan ya kafa doka, kuma na yaba da tsarinta. Na ɗaya, kowane magidanci zai ɗauko kwanonsa da hannunsa, a rufe da faifai, ya shigar cikin zaure ya ajiye, ya fito ya zauna. Na biyu, shi kaɗai zai shiga ya yi bincike, ya juye komai a akusansa, ya fito da shi, yadda ba wanda zai san na wa yake ci balle a yabi wata a kushe wata. Na uku, in an gama kowa zai ɗauki kwanonsa a rufe, da ragowar yara a ciki, kuma ba a buɗewa sai an shiga gida.

Ɗan'azumi mahauci ya ce, “Baba, wanda cikinsa ke ciwo fa?”

“Ya zo ya yi ciwon a kan tabarma. Ciyayya dole ce.”

Kai, jama'a! Wanda bai zauna a tabarmar nan ba ya yi asarar kallo. Mu muna waje, shi yana ciki, sai dai mu ji ƙarar kwanuka da muryarsa.

“Subhanallahi! Magi! Wani gida an saka magi!”

Mu fashe da dariya, kowa na nuna ɗan'uwansa.

“Wannan kuma me nake ji? Kifi? Wa ya yi gado a layin nan ban sani ba?”

Kullum Ɗan'azumi ake ɗora wa laifi, shi kuma ya yi ta rantsuwa yana cewa shi da ke yanka nama ma rabonsa da romo tun Sallah. Ran nan Sabi'u, da ya riga ya huce ya dawo tabarma, ya leƙa kai cikin zauren don ya ga mai kifin. Sanda ta same shi a ƙeya kafin idonsa ya saba da duhun wurin. Daga ranar ba wanda ya sake gwadawa.

Hudu ya dawo, Malam Garba ya dawo, mai azumin magariba ma ya dawo. Akusan Baffa su fito cike, a ci a ƙoshi, a sha ruwa, a yi hira har a kira isha'i. Wata rana Ɗan'azumi ya tsaya da loma a hannu ya ce, “Wai ni kaɗai nake ji? Tuwon layin nan duk ya koma ɗanɗano ɗaya, kamar hannu ɗaya ya tuƙa.”

Baffa ya ce, “Talauci ne ya haɗa musu hannu. Ci ka yi shiru.”

Haka muka ƙetare damina biyu masu wuya, ba a naɗe tabarmar ba sai ranar da ruwa ya kore mu zuwa rumfa.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Bayan an gama girbi ya kwanta. Da na je duba shi ya sa aka ciro wani ƙulli daga ƙasan akwati, ya miƙo mini. Likkafaninsa ne.

“Na saya tun yadi na da mutunci,” in ji shi. “Kai ne tela, ka duba ko asu ya taɓa. In ya taɓa ka yi faci, kada a sayi sabo.”

Ana gobe zai rasu, da hantsi, ya kasa cin komai. Inna Delu ta aika aka karɓo shayi a wurin mai shayi, da madara da sukari, ta tallabo kansa ta kai masa baki. Ya shinshina, ya buɗe ido da ƙyar, ya ce, “Delu, wannan dole ne ko marmari?”

Ta ce, “Dole ne, Malam. Yau ni ce alƙali.”

Ya kurɓa, ya sake kurɓa, sannan ya ce, “Ashe haka abin nan yake da daɗi. Lawan, kada ka gaya wa kowa.”

Na gaya wa kowa. Ya yafe mini, na san da yana nan shi zai fara ba da labarin.

Bayan sadakar bakwai aka zo maganar gado, aka ce a buɗe rumbu. Mutane sun taru fiye da yadda ake bukata, don kowa na son ganin geron da aka hana dillali. Sabi'u ya kafa tsani ya hau, ya ɗaga murfi, ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, “An yi mana sata!” Ban da sabon girbin da aka zuba kwanan nan, babu komai a ciki sai 'yan dammuna a ƙasa.

Ana cikin salati da hayaniya, sai Hudu mai faci ya ja ni gefe. Ya ba ni izinin rubuta sunansa, shi ya sa na rubuta.

Ya ce, “Malam Lawan, ba sata ba ce. Ni na ci.”

Ya ba ni labari. Tun kafin a kafa doka Baffa ya same shi a rumfar facinsa, ba kowa sai tsofaffin tayoyi, ya tsaya a kansa ya ce, “Ciwon cikin nan naka, yaran gidan ma suna yi?” Hudu ya sunkuyar da kai. Baffa ya ce, “Jibi zan kafa doka. Za ka kawo kwano.” Hudu ya ce, “Baba, wallahi babu abin da zan zuba a ciki.” Sai Baffa ya daka masa tsawa: “Na ce ka kawo tuwo? Kwano na ce! Kana da faifai ko sai na ara maka?”

“Fanko nake kaiwa, Malam Lawan,” in ji Hudu, hawaye na zuba. “Ba kullum ba, amma sau da yawa. In na ɗauka zan tafi sai in ji ya yi nauyi. Yarana da shi suka rayu. Ni na cinye geron marayun nan.”

Ina cikin ba shi haƙuri sai ga Malam Garba birkila, wanda shi ma ya yarda in ambace shi, ya ja hannun rigata ta ɗaya gefen, wai yana da magana ta sirri. Maganar ita ce dai. Kafin la'asar wasu ma sun same ni, kowa a ɓoye, kowa na rantsuwa shi kaɗai ne ya cinye rumbun Baffa. Har wanda ake yi wa zargin kifi. Kada kuma wani ya tambaye ni ko kwanon gidana na ciki. Wannan ba ya cikin abin da na zauna rubutawa.

Na shiga wurin Inna Delu, tana zaune a ɗaki cikin takaba, na gaya mata abin da na ji. Ko mamaki ba ta yi ba.

“Sai yau kuka gane? Maza ke nan! Kullum da la'asar ina tuƙa tukunya biyu, ɗaya tamu, ɗaya ta zaure. Ni ke miƙo masa ta ƙofar ciki, shi yana ta ihun magi da kifi don kada ku ji motsina.”

Na ce, “Inna, Allah ya saka masa.”

“Amin. Ku yi masa addu'a, ya cancanta. Amma a rubuta a ajiye: ni na yi dakan. Na roƙi mutumin nan ya bar ni in riƙa kai niƙa inji, ya ce inji marmari ne, kuma mai inji baki gare shi, zai gaya wa gari yawan garin da muke ci. Dubi hannuna, Lawan. Shi ya samu lada, ni na samu kanta.”

Ta yi dariya, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, na tashi na ba ta wuri.

Sabi'u da ya ji bayanin ya zauna a gindin tsanin ya daɗe. Abin da ya ce kawai shi ne, “Shi ya sa ya buge ni a ƙeya.”

Allah ya jiƙan Baffa Iro. Ya rufa wa mutane asiri da faifai, Allah ya rufa masa nasa da rahama. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa tsawarsa da sandarsa, ya sa shi a gidan da ba a tambayar dole ko marmari, a ba shi shayi da sukari har ya ce ya isa. Allah ya ba Inna Delu ladan hannunta tun tana raye.

Yanzu ga maganar da na ce sai a ƙarshe. Tsadar ba ta tafi ba, kuma ni tela ne, ina ganin wanda ke kawo wando a rage masa ƙugu. Na sake jin an fara ciwon ciki a layinmu. Inna ta fita takaba, na same ta mun yi shawara, mun tsara komai. Sabi'u ya ce kasonsa na sabon gero ya zauna a rumbu. Duk wanda Allah ya hore wa dami ko rabin dami, ya kawo ya ƙara, ba sai ya yi shela ba. Za a riƙa kai niƙa inji, domin Inna ta yanke hukunci cewa inji dole ne, kuma babu mai ɗaukaka ƙara. Bincike ita za ta yi daga ciki, tun da dama ta san kwanon kowa, kuma sandar Baffa na hannunta, mai leƙe ya kiyayi ƙeyarsa.

Don haka ina roƙonka, kai mai karanta wannan, in kana cikin mutanen layinmu ko ka taɓa zama a tabarmar nan: ranar Juma'a mai zuwa, da an sallame magariba, ka shiga gida ka ɗauko kwanonka da hannunka, ka rufe shi da faifai, ka zo ƙofar zauren Baffa. Ban ce ka kawo tuwo ba. Kwano na ce.